Magungunan ƙarin ƙarfin maza: Kada garin neman ƙiba a samo rama

Da wuya a ce akwai wata tashar mota ko bakin kasuwa a manyan biranen Arewa da mutum zai ratsa bai ci karo da mai tallar maganin maza ba. A da can ɗan magori ne da buhunsa na saiwoyi da sassaƙe, yana wasa kansa da kansa. Daga baya aka koma mota mai lasifika a ka, wadda kan sa dattijo ya sunkuyar da kai idan yana tafe da 'ya'yansa. To yanzu kuma kasuwar ta sake riga. Maganin ya shiga kwalabe masu ƙyalli da tambarin Amurka ko Indiya ko Maleshiya, tallarsa ta koma Facebook da TikTok da WhatsApp, sa'annan an samo masa wata kalma ta ilimi da ake lanƙaya wa kowace kwalba, wato testosteron. Masu sayensa kuwa sun haɗa da ma'aikatan banki da lauyoyi da malaman jami'a da manyan ma'aikatan gwamnati, mutanen da ba za su taɓa tsayawa gaban mai lasifika ba, amma suna iya tura dubban nairori ta waya a kawo musu kwalba har ofis cikin leda.

Abin da ya sa lamarin ya cancanci a yi masa duban tsanaki shi ne kunya ta lulluɓe shi. Wanda ya sha ya ji daɗi ba ya cika faɗa, wanda ya sha ya cutu kuwa ko kusa ba zai faɗa ba, don haka muryar mai sayarwa kaɗai ake ji. Saboda haka ya kamata mu tambayi kanmu: mene ne shi wannan testosteron ɗin, shin itatuwan da ake tallatawa suna ƙara shi, kuma me ke ƙunshe cikin kwalaben da muke ɗura wa cikinmu?

Makiyayanmu sun san aikin wannan sinadari tun kafin a raɗa masa suna. Kowa ya san bambancin bunsuru da taure, ya kuma san cewa idan aka dandaƙe sa yakan yi laushi ya yi ƙiba ya daina neman shanu mata. A 1849 wani masani Bajamushe mai suna Arnold Berthold ya fiɗiye wasu 'yan zakaru a garin Göttingen, ya ga zankonsu ya ƙi girma, sun ƙi cara, sun ƙi faɗa. Da ya dasa wa wasu daga cikinsu 'ya'yan maraina a cikin ciki, sai suka tashi cikakkun zakaru. Daga nan ya fahimci cewa akwai wani abu da maraina ke zubawa cikin jini. Sai a 1935 ne Ernst Laqueur da abokan aikinsa a Amsterdam suka tace shi, inda suka samu kimanin miligiram 10 kacal daga kilo 100 na marainan bijimai, kuma a cikin wannan shekara Adolf Butenandt da Leopold Ruzicka suka gano yadda ake harhaɗa shi a ɗakin bincike. Wannan lissafi na Laqueur ya isa ya nuna wa mai zuwa wurin mai tsire neman marainan rago cewa nama kawai yake ci, domin maraina ba rumbun ajiya ba ne, kuma ɗan abin da ke ciki hanta ce za ta lalata shi kafin ya kai ko'ina.

Akwai wani labari da ya kamata duk mai sayen irin waɗannan magunguna ya sani. A 1889 wani mashahurin likita a birnin Faris, Charles-Édouard Brown-Séquard, yana da shekara 72, ya yi wa kansa allurar ruwan da ya tatsa daga marainan karnuka da ɓerayen Masar, ya kuma fito gaban taron masana ya bayyana cewa ƙarfinsa ya dawo, kaifin tunaninsa ya ƙaru. Nan da nan likitoci a Turai da Amurka suka rungumi abin, mutane da yawa suka yi ta ba da shaidar sun ji canji. A 2002 wasu masu bincike a Ostareliya suka sake haɗa wannan ruwa kamar yadda ya bayyana, suka auna, suka tarar testosteron ɗin da ke ciki ya gaza abin da zai yi wa jiki wani tasiri da ninki dubbai. Dattijon ba ƙarya ya yi ba, ya ji abin da ya ce ya ji, sai dai zuciyarsa ce ta yi aikin. Wannan shi ya sa masana ba sa karɓar shaidar "na sha na ji daɗi" a matsayin hujja, musamman a sha'anin da ya rataya ga kwanciyar hankali kamar na auratayya. Sai an raba mutane gida biyu, an ba wasu maganin, an ba wasu ƙwayar da babu komai a cikinta ba tare da kowa ya san wadda ya samu ba, sa'annan a auna jini a gani.

Jikin namiji yana sarrafa wannan sinadari ne bisa wani tsari mai kama da na ma'auni. Ƙwaƙwalwa ke aika saƙo ga wata 'yar ƙaramar tsoka da ke ƙarƙashinta, wadda likitoci ke kira fituwitari, ita kuma ta aika wa maraina umurnin su samar da shi. Idan ya yi yawa a jini, ƙwaƙwalwa ta rage saƙon, idan ya yi ƙasa ta ƙara. A jinin lafiyayyen baligi akan samu daga kimanin nanogiram 300 zuwa 1,000 a kowace desilita, ya fi yawa da sassafe, yana raguwa zuwa yamma. Don haka ne ƙa'idar likitoci ta ce ba a yanke wa mutum hukuncin ƙarancinsa sai an ɗebi jininsa da safe har sau biyu a ranaku dabam-dabam, kuma ga alamomi a jikinsa. Gaskiya ne yana raguwa da shekaru, kimanin kashi 1 cikin 100 a kowace shekara bayan mutum ya haura 30 zuwa 40, amma raguwa ce ta sannu a hankali wadda ba ta kai yawancin maza ga cuta. Wani babban bincike da aka yi kan maza 3,369 masu shekara 40 zuwa 79 a cibiyoyi takwas na Turai, wanda aka buga a 2010, ya nuna cewa kimanin kashi 2 cikin 100 ne kawai suka cika sharuɗɗan masu wannan ƙaranci na tsufa.

A nan ne gizo ke saƙa. Mafi yawan mazan da ke neman waɗannan magunguna raunin gaba ne ke damunsu, shi kuwa raunin gaba galibi matsala ce ta jijiyoyin jini ko ta damuwa, ba kasafai ƙarancin testosteron ke haddasa shi ba. Kuma ba baƙon abu ba ne, domin wani bincike da aka buga a 1994 daga jihar Masacusets ta Amurka ya samu kashi 52 cikin 100 na maza masu shekara 40 zuwa 70 suna da wani mataki nasa. Jijiyoyin da ke kai jini ga al'aura sun fi na zuciya ƙanƙanta, saboda haka idan hawan jini ko ciwon suga ko kitse ko taba suka fara toshe hanyoyin jini, can ne alamar kan fara bayyana, sau da yawa shekara biyu zuwa biyar kafin ciwon zuciya ya fito fili. Ke nan mutumin da ya ga rauni ya ɗora wa basir ko sanyi, ya nufi mai magani a asirce, yana iya yiwuwa ƙararrawar gargaɗi ce jikinsa ya kaɗa masa shi kuma ya toshe kunne. A ƙasar da ƙiyasi da dama ke nuna kusan ɗaya cikin uku na manyanta na da hawan jini, da yawansu ba su ma sani ba, wannan ba ƙaramin ganganci ba ne.

Idan kuma da gaske sinadarin ya yi ƙasa, ruwa ba ya tsami banza. Teɓa na daga cikin manyan dalilai, domin kitse na ɗauke da wani sinadari da ke juya testosteron ya koma irin na mata. Ciwon suga ma haka. Rashin barci na da nasa kason: a Jami'ar Shikago a 2011 an taƙaita wa wasu samari lafiyayyu goma barci zuwa awa biyar a dare har mako guda, sai nasu ya faɗi da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Giya na rage shi, haka ma tiramol da kodin, kuma abin takaicin shi ne matasa da yawa suna shan tiramol ne da sunan ƙarin juriya a shimfiɗa, alhali yana kashe saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa maraina. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya ƙiyasta 'yan Nijeriya miliyan 4.6 na shan irin waɗannan ƙwayoyi ba bisa ƙa'ida ba. Sai kuma cutar sikila, da hangum idan ya kama namiji bayan balaga ya sauka maraina, da ƙari a fituwitari. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da garin saiwa zai warkar, kowanne da hanyar da ake bi masa.

To, mu koma kan itatuwan su kansu. A 2020 wasu likitoci na Jami'ar Kudancin Kalifoniya suka buga sakamakon nazarin da suka yi wa kwalabe iri 50 da ake sayarwa da sunan ƙara testosteron. Kashi 90 cikin 100 sun yi wannan iƙirari a fili. Da aka warware abubuwan da aka haɗa su da su, guda 109, sai aka tarar kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke da wani bincike da ya nuna ƙari, kashi 10 cikin 100 akwai binciken da ya nuna suna rage shi ma, sama da kashi 60 kuwa babu wanda ya taɓa gwada su a kan wannan batu.

Ɗauki tsidau, ƙayar nan da ke sukar ƙafar yara a fili, wadda masana ke kira Tribulus terrestris. Ta yi suna a duniya ne ta hannun 'yan wasan ɗaga ƙarfe na Bulgeriya, kuma har yanzu da wuya ka ɗauki kwalbar ƙarin ƙarfi ba ka ga sunanta ba. Amma a can Bulgeriyar aka gwada ta a kan samari 21 na tsawon mako huɗu, aka buga sakamakon a 2005, ba a ga wani ƙari a jininsu ba. An sake gwadawa a kan 'yan wasan zari-ruga a Ostareliya a 2007, nan ma ba ta fi ƙwayar wofi ba. Hulba kuwa akwai 'yan ƙananan gwaje-gwaje da suka nuna ɗan ƙari, wasu ba su nuna ba, kuma da dama daga cikinsu kamfanonin da ke sayar da ita ne suka ɗauki nauyinsu. Tana kuma saukar da sukarin jini, abin da mai shan maganin suga ya kamata ya sani. Saiwar maca ta ƙasar Feru an ga tana ɗan motsa sha'awa a wasu gwaje-gwaje, amma ba ta taɓa yawan testosteron ba ko kaɗan.

Waɗanda suka fi samun goyon bayan bincike su ne ashwagandha ta Indiya da tongkat ali na Maleshiya da Indunusiya, sai dai su ma da sauran rina a kaba. Wani gwaji da aka buga a 2019 kan maza 57 masu teɓa, 'yan shekara 40 zuwa 70, ya nuna ashwagandha ta ɗaga sinadarin da kimanin kashi 15 cikin 100 fiye da ƙwayar wofi, amma da aka tambayi mutanen game da gajiya da kuzari da sha'anin iyali, ba a ga wani bambanci na a-zo-a-gani tsakaninsu da waɗanda suka sha wofin ba. Wato lambar ta motsa a takarda, rayuwar ba ta canza ba. Bugu da ƙari, an samu rahotannin lahanin hanta ga wasu masu shanta, har ƙasar Denmak ta haramta sayar da ita a 2023. Shi kuwa tongkat ali, hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta nazarce shi a 2021, ta ce ba a tabbatar da amincinsa ba, domin akwai alamun yana iya lahanta ƙwayoyin gado na jiki.

Labarin da ya fi shafarmu shi ne na baƙin gagai, ɗan tsiron da masu magani a ƙasar Hausa suka daɗe da sani, wanda a littattafan ilimi ake kira Fadogia agrestis. A 2005 Musa Yakubu da abokan aikinsa na Jami'ar Ilori suka buga wani bincike da ya nuna cewa ruwan karan wannan tsiro ya ɗaga testosteron a jinin ɓeraye ya kuma ƙara musu neman mata. Tun wajen 2021 wasu fitattun masu shirye-shiryen lafiya a intanet a Amurka suka ɗauko wannan bincike suka yayata, sai ga gagai ya shiga kafso, ana sayar da shi da dala, har yana dawo mana a matsayin maganin Turawa. Abin da masu talla ba sa faɗa shi ne, waɗannan masana na Ilori ba su tsaya nan ba. A 2008 da 2009 sun buga ƙarin sakamako da ya nuna cewa idan aka ci gaba da ba ɓerayen har kwana 28, ana ganin alamun lahani a marainansu da hantarsu da ƙodarsu. Sa'annan dukkan wannan shahara a kan ɓeraye aka gina ta, ba a kan gwajin da aka yi wa mutane ba. Haka zancen yake ga citta da aya da dabino da goron Tula: abinci ne masu kyau, a ci a more, amma akasarin abin da ake jingina musu na ƙara sinadarin maza daga gwajin dabbobi ya fito. Sinadarin zinki ma, wanda ake cusawa cikin kusan kowace kwalba, yana taimakon wanda jikinsa ya rasa shi ne kawai, kamar samarin ƙauyukan Iran da likita Ananda Prasad ya bayyana a 1961, waɗanda rashinsa ya hana su girma da balaga. Wanda ke cin nama da wake da gyaɗa ba ya ƙaruwa da ƙarinsa.

Mai karatu zai iya cewa, to ai akwai wanda ake sha cikin rabin awa a ga aiki. Wannan gaskiya ne, kuma shi ne ya fi ban tsoro. Babu wani ganye da zai ɗaga testosteron cikin rabin awa, kuma ko da ya ɗaga, sinadarin ba ya aiki da irin wannan gaggawa. Abin da ke aiki haka shi ne sildenafil, wato sinadarin Viagra da aka fara sayarwa a 1998, da ɗan'uwansa tadalafil. Wani nazari da aka buga a 2018 kan bayanan hukumar abinci da magunguna ta Amurka ya nuna cewa daga 2007 zuwa 2016 an kama kayayyaki 776 da ake sayarwa da sunan na ganye ko ƙarin abinci alhali an cusa musu magungunan asibiti a ɓoye, kuma kusan rabinsu na ƙarfin maza ne. A 2022 hukumar ta gargaɗi kamfanoni huɗu da ke sayar da zuma mai ɗauke da waɗannan sinadarai. Irin wannan zuma ta 'yan ƙananan fakiti ba baƙuwa ba ce a shagunanmu.

Haɗarin a bayyane yake. Likita kan hana sildenafil ga mai ciwon zuciya da ke shan magungunan naitiret, domin haɗuwarsu na iya faɗar da jini warwas har a rasa rai. Wanda aka ce masa ganye ne zalla ba shi da dalilin yin taka-tsantsan, kuma bai san adadin da aka zuba ba, tunda wanda ya dama garin a bayan shago ba ma'auni gare shi ba. Ga mai sikila akwai barazanar gaba ya miƙe ya ƙi kwanciya, wanda idan ya wuce awa huɗu ba a je asibiti ba yana iya kashe shi har abada. A Singafo, cikin watanni biyar na farkon 2008, an kwantar da mutum 150 marasa ciwon suga waɗanda sukarin jininsu ya faɗi ƙasa warwas, aka gano cewa magungunan ƙarfin maza da suka sha na ɗauke da wani maganin suga mai ƙarfi. Bakwai suka daɗe a sume saboda lahanin ƙwaƙwalwa, huɗu suka rasu. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Wasu kwalaben kuma, musamman waɗanda ake sayar wa matasa a gidajen motsa jiki, homon ɗin roba ake zuba musu. A nan gida, wani bincike da aka buga a 2006, wanda marigayiya Dora Akunyili na cikin marubutansa, ya samu ƙarafa masu guba irin su dalma a cikin magungunan gargajiya da ake sayarwa a kasuwannin Nijeriya.

Mutane da yawa sun ɗauka cewa rubutun "an yi a Amurka" ko lambar NAFDAC shaida ce ta cewa magani na aiki. A Amurka, wata doka ta 1994 ta ba kamfanoni damar fitar da kayan ƙarin abinci kasuwa ba tare da sun tabbatar wa hukuma cewa suna aiki ba, sai bayan an samu matsala ne hukuma ke bin sawu. A Nijeriya kuwa, akasarin magungunan gargajiya NAFDAC na ba su lambar wucin-gadi ce mai ƙarewa da harafin L, ta shekara biyu, wadda ma'anarta ita ce an gwada samfurin da aka kawo ba a ga guba a ciki ba. Ba ta nufin an tabbatar yana warkar da abin da aka ce, shi ya sa ake wajabta rubuta wa a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Cikakkiyar rajista sai an yi gwaji a kan mutane. Balle kuma ɗimbin ƙulle-ƙullen leda da jarkoki da ba su taɓa ganin ƙofar hukumar ba.

Kada a fahimci wannan bayani a matsayin raina maganin gargajiya. Maganin zazzaɓin cizon sauro da duniya ke taƙama da shi a yau daga wani nau'in tazargade Tu Youyou ta ƙasar Sin ta fitar da shi a 1972, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. A nan Abuja, cibiyar binciken magunguna ta ƙasa da ke Idu ta ɗauki wani haɗin gargajiya da ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi, ta gwada shi a kan masu sikila, ya zama Niprisan. Abin da ya ɗaukaka waɗannan shi ne an auna su, an san adadin da ke magani da adadin da ke cutarwa. Babu abin da zai hana a yi wa gagai haka. Muna da tsangayoyin harhaɗa magunguna a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, muna da asibitocin koyarwa, ga kuma masu magani na gado da suka san tsiron a daji. Abin kunya ne a ce tsiron dajinmu ne, binciken farko na jami'armu ne, amma ribar ta 'yan kasuwar waje ce, haɗarin kuma namu.

Haka nan bai dace a ɗora wa masu saye laifi duka ba. Namijin da ya shiga wannan hali yana cikin tsananin damuwa, wani ma aurensa na rawa, wani yana da mata fiye da ɗaya kowace na jiran haƙƙinta. Idan ya je asibitin gwamnati zai yini a layi, ya shiga ɗakin da ake ganin marasa lafiya biyu a lokaci guda, ga ma'aikatan jinya na kai da kawowa, likitan kuma na da minti biyar. Mai magani kuwa zai karɓe shi da fara'a, ya saurare shi, ya rufa masa asiri, ya kuma yi masa alƙawarin da likita ba zai iya yi ba. Matuƙar asibitocinmu ba su tanadi wuri da lokaci na sirri domin lafiyar maza ba, kasuwar bayan fage za ta ci gaba da ci.

Ko testosteron na asibiti ma, wanda babu shakka yana aiki ga mai ƙarancinsa na gaskiya, yana da sharuɗɗa. Idan aka ba jiki daga waje, ƙwaƙwalwa kan ɗauka ya wadata ta daina aika saƙo, sai maraina su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu ko su ƙare. Hasali ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa gwada allurarsa a matsayin hanyar tsarin iyali ta maza, aka buga sakamakon a 1990. Don haka magidancin da ke neman haihuwa ya je kemis aka yi masa wannan allura, ya sa hannu ne a kan abin da yake gudu, kuma sau da yawa matarsa ce za a yi ta zargi. Yana kuma kaurara jini. Wani babban gwaji kan maza sama da 5,000 da aka buga a 2023 ya nuna bai ƙara bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ba ga waɗanda aka tabbatar suna buƙatarsa, amma an ga ƙarin rikicewar bugawar zuciya da daskarewar jini a huhu. Idan wanda aka auna aka tace yana buƙatar sa idon likita haka, ina ga garin da ba a san abin da ke cikinsa ba?

Shawara ga ɗan'uwa magidanci ita ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wanda ya ga canji a jikinsa ya fara da auna hawan jini da sukari, sa'annan ya nemi likita ya faɗa masa gaskiya, har da duk wani jiƙo ko kafso da yake sha. Idan likita ya ga dalili zai sa a auna testosteron da safe. Ya kuma sani cewa abubuwan da aka tabbatar suna ɗaga sinadarin ba a kwalba suke ba: rage tumbi, tafiyar ƙafa ko wani motsa jiki a kai a kai, barcin awa bakwai zuwa takwas, barin taba da giya da ƙwaya, da riƙe ciwon suga da kyau. Wasu magungunan hawan jini da na damuwa kan kawo rauni, amma maganin wannan shi ne a koma wa likita ya canza, kada a daina sha da ka. Duk maganin da aka ce yana warkar da basir da sanyi da suga da rashin haihuwa a lokaci guda, ko wanda ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, ko wanda ke aiki nan take, a guje shi. Tattaunawa ta fahimta tsakanin miji da mata ma na sauke rabin nauyin, domin fargabar gazawa ita kanta tana haifar da gazawa.

Daga ƙarshe, akwai haƙƙi a wuyan hukumomi. Ya kamata NAFDAC ta riƙa sayen waɗannan kayayyaki a kasuwa kamar kowane mai saye, ta auna su, ta buga sunayen waɗanda aka samu da algus cikin Hausa a rediyo, inda jama'a za su ji. Gidajen rediyo da talabijin da ke sayar da awa guda ga mai magani ya yi ta alƙawarin da ya ga dama su tuna cewa amanar masu sauraro ce suke sayarwa. Ƙungiyoyin masu maganin gargajiya su fitar da bara-gurbin cikinsu, domin mai daka Viagra cikin garin saiwa sunansu yake ɓatawa. Gwamnatocin jihohi kuma su ware wa jami'o'inmu kuɗin gwada tsirranmu a kan ƙa'ida, wanda ya yi amfani a san adadinsa, wanda ke cutarwa a faɗa wa jama'a. Kafin a kai ga haka, kowane magidanci ya tuna cewa ƙoda biyu gare shi, hanta ɗaya, zuciya ɗaya, kuma akwai iyalin da ke dogaro da shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.